Lami Ta Rasu da Sunayenmu a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da har yau na rasa wanda zan sauke wa, ni Mumuni Abdurrahamane, malamin lakwal, wato makarantar boko, na Rijiyar Auta cikin gundumar Sarkin Hausa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda 'yan boko ke kira ordinatar, mutanen garinmu kuma suka raɗa wa suna Lami saboda ranar Alhamis ta shigo gari. Ta cika ranar Laraba da hantsi a kan teburin wani mai gyara a kasuwar Tasawa, bayan jinyar mako guda. Ta rasu da sunayen gidaje ɗari biyu da goma sha uku a cikinta, kowane da hoton mai shi, waɗanda aka damƙa mata amanar isarwa Yamai don a sa garinmu cikin rabon hatsin bana. Ba ta isar ba.

Ba wanda ya san shekarun marigayiyar. Da tsufanta ta zo mana, cikin jakar ƙanena da ya dawo daga Kwatano shekara huɗu da suka wuce. Ga alama ta yi wa wani bauta a wata ƙasa kafin mu, don a fuskarta akwai hoton wani dutse da ƙanƙara ta lulluɓe, wanda ban taɓa cirewa ba. In bazara ta yi tsanani 'yan aji kan taru su dube shi, su rantse sun ji sanyi-sanyi. Harafi ɗaya ya fita daga haƙoranta tun a hanya, sai da tsinke ake taɓo shi. Har ta bar duniya ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ta taɓa sa wani dattijo ya kwana uku yana murna ɗansa yana fada, alhali faɗa yake yi a tasha.

Ban da wannan ba mu san ta da wani aibi ba. Mai haƙuri ce, marar kwaɗayi. Rabin yini na kan jingina ta da farantin hasken rana na ɗakin likita, ta ƙoshi, ta yi mini aikin kwana biyu. Ta rubuta wa rabin garin nan wasiƙa zuwa Agadas da Kano da Libiya, ta ji asirin da uwa ba ta ji ba, ba a taɓa jin maganar wani a bakinta ba. Ta riƙe makin jarrabawar yara ba ta ƙara wa ɗan maigari ko ɗigo ba. In an tashe ta sai ta yi tilin-lin-lin, sallamarta ke nan. In aiki ya yi mata yawa sai ta yi fuuu, ta ci gaba. In ka yi kuskure sai ta ce tun! sau ɗaya tak, ba ta maimaitawa, ba ta yi maka gori gobe. Na zauna da mutane masu digiri da ba su da wannan hali.

Kowa ya san yadda daminar bara ta yi mana. Ruwa ya ɗauke hatsi yana fitar da kai, aka yi girbin da bai isa a kira shi girbi ba, rumbuna suka yi ƙaf tun sanyi bai fita ba. Mata suka koma jiƙa anza, ana dafa ganyen jiga. A nan ƙasar, Mushe ake ce wa malamin lakwal, to bana in ka ji an ce ga mushe can, sai ka duba ka gani ko ni ne ko saniyar wani. Duk da haka wata da watanni ba ka jin kalmar yunwa a bakin manya, kamar mai faɗin ta ne ya kawo ta. Sai da sojoji suka karɓi mulki a watan Fabrairu aka fara faɗin ta a fili. Ban ce sun kawo ruwa ba, ban ce sun kawo hatsi ba, amma dai an kira abin da sunansa.

Daga nan wata ƙungiyar agaji, irin waɗanda muke ce wa porje, ta buɗe mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a Mayahi ta jibge buhuna. Sharaɗinsu guda ne. Duk garin da ke son shiga rabo ya aika da sunayen gidajensa, kowane da hoton mai gidan, ta intanet, zuwa babban ofishinsu na Yamai kafin wata Juma'a da suka yanke. Takardar hannu ba ta shiga, don a cewarsu takarda tana haihuwa a hanya. A duk garuruwan da ke kewaye da mu ni kaɗai ke da ordinatar. Maigari Mahaman ya kira ni gaban jama'a ya ce, “Mushe, ga ka ga garinka.”

Mako uku muka yi ni da Lami muna bin gida-gida, da na'urar hoto da aka ara mana daga mangaza. Na gaya wa mutane porje talauci take son gani, kowa ya fito yadda yake. Ba wanda ya saurare ni. Wata shuɗiyar riga guda ɗaya, mai aiki a wuya, ta fito a hotuna arba'in da ɗaya, ana tuɓe wa wannan ana sa wa wancan a bayan danga. Da na yi ƙorafi Maigari ya ce, “Yunwa cikin ciki take, Mushe, ba bisa riga ba. Ɗauke mu yadda za a san mutane ne.”

Ta ƙarshe da na rubuta ita ce Inna Zalika, gwauruwar da ke riƙe da jikoki shida. Ta sa na karanta mata sunanta sau biyu, sannan ta tambaye ni wa zai kai shi Yamai, ni ko mota.

Na ce, “Iska za ta kai, Inna. Wani abu ne ana ce mashi wifi.”

Ta ce, “Wofi?”

Na ce, “Wifi, Inna.”

Ta ce, “To, Allah shi sa kar shi bi sunanshi.”

Aka yi dariya, har da ni. Lami tana kan cinyata tana fuuu, lafiyarta ƙalau.

Ciwon ajali ya fara ne a Mayahi. A duk garin wuri ɗaya ne na san ana samun wifi, wato ofishin mangazar. Magatakardar wurin, Hanatu Yohanna, wadda muka yi makarantar horon malamai tare kafin ta canza aiki, ta fito ta karɓi na'urar hotonsu, ta rubuta mini kalmar sirrin shiga a tafin hannu. Ta ce, “Ga kod ɗin, amma don Allah kar ka ce ni na ba ka. Ciki ba ka shiga sai da takarda. Kile kuma kar ma ka miƙo, tun da ciwon na'ura ya cinye mana aiki bara patron, shugaban ofis, ya hana.” Kile shi ne ɗan abin nan kamar yatsa da ake kwafe rubutu a ciki. Na mayar da nawa aljihu, na zauna bakin ƙofa, na buɗe Lami. Sandunan rezo huɗu, masu nuna ƙarfin wifi, suka tsaya cif a kusurwar fuskarta. Ban gama bisimilla ba ɗaya daga cikin sojoji biyun da ke tsaron ƙofa ya taɓa ni da bakin takalmi ya ce, “Malam, nan ba wurin zama ba ne. Circulez.” Ban ga laifinsa ba, an ce masa ya tsare hatsi daga masu jin yunwa, ni kuwa ban yi kama da ƙosasshe ba.

Na zagaya yamma da mangazar, wani lungu mai faɗi inda manyan motoci ke jiran lodi. Shingen waya ne a wurin, ana hango tagar ofis, ba bishiya ba rumfa. Nan ma sanda uku na samu. Ofishin kan tayar da injin wuta ƙarfe takwas, su kashe da azahar don tsimin mai, saboda haka tsakanin nan ne kawai rabona. Hotuna sun yi wa saƙon nauyi, yana bukatar kamar awa ɗaya da 'yan mintoci ba yankewa. In ya yanke kuwa ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya, sai ya koma farko.

Ranar farko ya kai kashi sittin da biyu cikin ɗari. Rana ta fara cizo, ga wata kamiyo, babbar motar kaya, ta shigo lungun ta tsaya, na gode wa Allah na ja jiki na koma inuwarta don fuskar Lami ba ta ganuwa cikin haske. Ina gyara zama na ji tun! Sanduna uku sun koma ɗaya. Ɗayar ma ta yi ta zuwa tana tafiya, ta leƙo, ta ɓace, ta sake leƙowa, har aka kashe injin.

Ina so a shaida cewa ban yi sakaci da jinyarta ba. Na kashe ta na kunna ya fi sau talatin. Na cire batir na hura wurin na mayar. Na sa ta manta da rezon ofis, na sake gabatar da su da juna kamar ba su taɓa haɗuwa ba, na buga kod ɗin har ya goge daga tafin hannuna ya zauna a kaina. Na ɗaga ta sama da hannu biyu har kafaɗuna suka yi tsami, masu wucewa suna zaton addu'a nake. Na danna wurin da ke cewa ta binciki ciwonta da kanta, ta yi ta juya ido minti biyar, sannan ta ba ni shawara in matsa kusa da na'urar da ke ba da rezo. Na dubi sojan da ke ƙofa, na dube ta, na ce Lami ke ma kin iya ba'a.

Da na lura kullum da safe lafiyarta lau, sai rana ta ɗaga take rikicewa, na yanke cewa zafi ne. Wa zai ƙaryata ni a watan Mayu? Na jiƙa rawanina na shimfiɗa mata a ƙasa. Na sayo mafici ina yi mata fifita ni ina zuba gumi. Kuma da zarar kamiyo ta iso, wajen ƙarfe tara saura, sai in yi maza in kai ta inuwa tun zafin bai taɓa ta ba. Mai gadin mangazar, wani dattijo da ake kira Baba Gajere, ya ga wahalata har ya kawo mini tabarma ya shimfiɗa gindin tayar motar. Na yi masa godiya mai yawa.

Rana ta huɗu na aro murfin tukunya na dalma wurin mai tuwo, na kafa shi bayan Lami don ya tattaro mata iska, yadda na ga ana yi wa akwatin talabijin. Ranar saƙon ya wuce saba'in, ya wuce tamanin. Ya kai casa'in da ɗaya. Daidai nan kamiyo ta iso, ta yi latti ranar, rana kuwa ta riga ta gasa mu. Na ɗauki Lami da murfinta a hankali kamar mai ɗauke da jinjiri, na shiga inuwa. Tun! Na zauna na yi kuka da hawaye, ni da ke da furfura a gemu, na ɗora laifin kan murfin da ya karkace garin tashi.

Rana ta biyar na kira wani mai gyara da aka yaba mini a Tasawa, Attahiru. Bai bari na gama bayani ba ya ce, “Problème de driver ne, mon frère. Direba ne matsalarka. Ka canza direba, shi ke nan.” A yaren masu gyara, direba wani ɗan rubutu ne a cikin na'ura da ke tuƙa wifi. Na tambaye shi ina ake samun sabo, ya ce a intanet. Na ce ai intanet ɗin ne babu. Ya ce to in kawo ta.

Ranar Talata na hau kabu-kabu zuwa Tasawa, saura kwana uku a rufe karɓar sunaye. Na fara biyawa ta gidan intanet ɗin da na sani kusa da tasha, da niyyar in aika daga can in huta. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce mai wurin ya sayar da injin wutarsa ya sayi hatsi ya kai ƙauyensu. Ban zage shi ba, ya fi ni hankali.

Washegari da hantsi Attahiru ya karɓi Lami. Mutum ne mai fara'a da saurin hannu, irin waɗanda ba su taɓa cewa ban sani ba. Ya canza direba, amma a rumfarsa ba rezon da za a gwada. Ya ce don a tabbata gara a wanke mata ciki gaba ɗaya, abin da suke ce wa formate. Na ce akwai amanar gari a ciki. Ya karɓi kile ɗina ya soka a tasa na'urar, ya soka a Lami, ya kwafe, ya nuna mini sunan saƙon da yatsa ya ce ga shi nan. Aka wanke ta tas. Sannan ya ce tun da an zo, bari ya duba wayar da ke kama iska, wadda ke bi ta bayan fuskarta. Ya kwance ta, ya baje hanjinta a kan tebur, yana ba ni labarin wata da ya tayar bayan ta faɗa rijiya. Bai cire ta daga wuta ba. Maƙwabcinsa mai walda ya tayar da injin da suke sha tare, fitilar rumfar ta yi wani irin haske, na ji ƙis. Wani siririn hayaƙi ya tashi daga ƙirjinta, mai warin ƙonannen roba. Ba ta yi tilin-lin-lin ba, ba ta yi tun ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Na ce a buɗe kile. Aka buɗe. Sunan saƙon yana nan, amma in an taɓa shi ba kowa a ciki, ciwon da ke cikin na'urar Attahiru ya cinye shi ya bar fanko. Ya yi ta dannawa, ya yi ta cewa “C'est bizarre,” daga baya ya ce haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma na so a ce ya cire waya daga wuta kafin ya tuna da ita.

Ranar Alhamis na koma Mayahi da gawa a jaka. Sunayen suna cikin littafina na hannu, hotuna ne babu. Hanatu ta duba na'urar hotonsu, an riga an goge an ba wani gari. Ta shiga ta roƙi shugaban ofishinsu, ta kira Yamai da wayarta, ta fito idonta ja. Ta ce ba hoto ba shiga, sai dai ko a zagaye na biyu, watan Agusta, in an samu ƙari. Ta ce za ta sa mu a addu'a a majami'arsu ran Lahadi, na ce mun gode, muna karɓa daga ko'ina.

Ban san abin da ya mayar da ni lungun nan ba. Na je na tsaya inda na saba zama. Akwai kamiyo ana yi mata lodi. Baba Gajere ya zo ya gaishe ni, ya tambayi jikin na'ura, na ce ta riga mu. Ya yi salati. Sannan ya dubi motar ya ce, “Ai kuwa wurin ga bai da kyau. In kamiyo ta tsaya nan, ko 'yan biro, ma'aikatan ɗakin baya, ba su samun abin nan naku. Sai ka ji sun leƙo suna ma direba ihu shi ja gaba, wai ya tare masu iska.”

Na ce, “Baba, kwana biyar kana gani na a nan. Mi ya hana ka hwaɗa mani?”

Ya ce, “Haba Mushe. Kai da ka yi karatu, ga na'ura bisa cinyarka, ni da ban san ko bihim ba in zo in koya ma aikinka? Na ce halan inuwar kake so. Shi ya sa na kawo ma tabarma.”

Saboda haka ina sanar da duniya cewa Lami ba ta yi ciwon komai ba. Lafiyarta ƙalau aka kai ta asibiti aka yanka. Ba zafi ba ne, ba tsufa ba ne, ba murfin tukunya ba ne. Tulin ƙarfe da buhuna ne ke shiga tsakaninta da tagar ofis, ni kuma da hannuna nake ɗaukar ta in kai ta bayansa kullum, ina jin na yi mata gata. Da na haƙura da rana na matsa taku biyar zuwa jikin shinge, da tun ranar farko an gama. Attahiru ma ashe gaskiya ya faɗa a waya, direba ne matsalata, yana zaune a ƙarƙashin motarsa yana shan shayi, muna gaisawa kowace safiya. An ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa. Ni jingina na yi da dami kwana biyar, ina jin ƙamshin hatsin da za a kai wa wasu garuruwa. Ina jin haushin sojan da ya kore ni, da mai gyaran da bai san ban sani ba, da masu ofishin Yamai da ba su yarda mutum yana jin yunwa sai sun ga hotonsa, har da Baba Gajere da ladabinsa. Amma in na gama zagayen sai in tarar da kaina a tsaye a ƙarshen layi.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗauri uku a jiki, wanda har yanzu in an soka shi yana kunna ɗan idonsa kore yana jira. Ta bar ɓera mai igiya, da baƙar jaka mai tsinkakken zip, da kile da ke kwance ba ya gane kowa. Ta bar 'yan aji hamsin da bakwai da makinsu na wata shida ya bi ta. Ta bar gidaje ɗari biyu da goma sha uku. Ta bar ni.

Saura magana ɗaya, wadda saboda ita na roƙi Liman ya karanta wannan sanarwa bayan sallar Juma'a, don bakina ya kasa. Jama'ar Rijiyar Auta, ku tuna ranar Asabar da na dawo a amalanke da la'asar. Kuna zaune gaban masallaci. Maigari ya miƙe tun ban sauko ba ya ce, “Mushe, ta tahi?” Takardar sunayen yake nufi. Na dubi jakar da ke kan cinyata na ce, “Ta tafi.” Lami nake nufi, kuma na san ba abin da kuka ji ke nan ba. Kafin in sake buɗe baki mata sun ɗauki guɗa a bayan danga, Inna Zalika ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, sai na haɗiye sauran. Yau kwana goma sha uku ina haɗiye da shi. Ina kallo kuka sare ƙaya kuka shimfiɗa a kwarin yashi don kada mota ta kafe. Ina kallo kuka share filin bayan lakwal kuka yayyafa masa ruwan da ba ku da shi. Na san mazan da suka ɗaure kayan tafiya Katsina suka kwance saboda kalmata. Na ji sautin turmi a gidajen da na san ba abin da ya rage musu sai irin shuka, ban fito na hana ba. Wannan ba laifin soja ba ne, ba na mai gyara ba.

Za a yi jana'iza yau, da an tashi daga masallaci, a filin da kuka share. Ba wanka ba salla, ƙarfe ce. Ni zan haƙa ramin da kaina, kada wanda bai karya kumallo ba ya ɗauki fartanya saboda ni. Ba za a yi sadakar uku ba, ba ta bakwai, ba ta arba'in, kun san dalili. Zan yi zaman makoki kwana uku a ƙofar lakwal, daga safe zuwa faɗuwar rana. Kada kowa ya zo ba ni haƙuri, ni ke da bayarwa. Wanda ya zo da zagi a ba shi wuri a gaba, dattawa kada su hana shi.

Mai sauran iri a tukunya ya rufe bakinta da laka tun yau. Wanda ya riga ya daka nasa ya zo ya same ni mu san abin yi kafin ruwa ya sauka. Amalanken da ke kai mutane bakin hanya zai tashi gobe da sassafe, mai niyyar tafiya ya koma ya ɗaure kayansa, kada ya ƙara kwana ɗaya a kan maganata. A daina aika yara kan tudu suna duban ƙura. Motar ba za ta zo ba.